Kalmar "Roam": Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Jawabin da aka gabatar a wurin taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro saboda damar da ya ba ni ta in tsaya gaban waɗanda suka koya mini riƙon alƙalami. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, musamman da yake abin da zan yi magana a kansa ya shafi Turanci, ga kuma malaman Turancinmu zaune a sahun gaba suna saurare. Ina roƙonsu da su ajiye jan biro a aljihu har in gama.

Abin da na zaɓa kalma ce guda ɗaya mai haruffa huɗu, watau "roam". Wataƙila wani ya ce, duk matsalolin da suka dami ƙasa a rasa abin da za a tara manyan mutane a kansa sai kalma ɗaya? Dalilina shi ne, tun da na kama aikin gwamnati nake cin karo da ita a rahotannin ofis, da shafukan jaridu, da cikin wayar da ke aljihun kowannenmu, har ma da tarihin dokokin ƙasar nan. A wasu wuraren tana nufin 'yanci, a wasu kuwa ana jifan mutane da ita. To, kalmar da ke da fuska biyu haka ta cancanci a zauna a dube ta da kyau.

Ma'anarta

Idan Bature ya ce mutum ko dabba na "roam", abu uku yake nufi a haɗe. Na ɗaya, akwai tafiya, ana motsawa daga nan zuwa can. Na biyu, wurin da ake tafiyar yana da faɗi, kamar daji, ko fili, ko gari sukutum. Na uku, wanda kuma shi ne ƙashin bayan kalmar, babu wanda ya ƙayyade wa mai tafiyar hanya ko zango, inda ransa ya ba shi nan yake nufa.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan hali ko da bai taɓa jin kalmar ba. Da damina akuya tana turke, ana yanko mata ciyawa, domin kada ta shiga gonar mutane. Idan kaka ta yi, aka kwashe amfanin gona, sai a sake ta, ta bi wannan lungu ta bi wancan fili, ta ci karmami a nan ta sha ruwa a can, da la'asar sakaliya ta komo gida da kanta. Halin da akuyar nan take ciki tun daga kaka har faɗuwar ruwan shuka, shi ne ainihin abin da kalmar take nufi.

Mu Hausawa ba mu da talaucin kalmomi a wannan fanni. Muna da yawo, da shawagi, da zagaye, da yawon shan iska, da yawon buɗe ido, da yawon duniya. A ɗaya gefen kuma muna da gantali, da gararamba, da ragaita, da watangaririya. Idan kuka lura za ku ga cewa kalmomin rukuni na biyu suna tafe da hukuncinsu a goshi, domin da zarar ka ce wane yana gantali ka riga ka zarge shi. Ita kuwa "roam" a karan kanta ba yabo ba zargi, abin da ke kewaye da ita cikin jimla shi ke ba ta launi. Saboda haka mai fassara sai ya yi hattara. Idan aka rubuta cewa giwaye na "roam" a dajin Yankari, fassarar ita ce suna yawo a sake, ba wanda zai ce giwa na gantali a gidanta. Amma idan uba ya faɗi kalmar cikin fushi game da ɗansa da ya ƙi zaman shago, to a nan gantali ya dace.

'Yan'uwanta a Turanci

Akwai wasu kalmomi da ake yawan cakuɗa su da ita, alhali kowace da gurbinta. Ta farko ita ce "wander", wadda ta fi kusa da ita, sai dai tana ɗauke da alamar rashin sanin inda aka dosa, har akan faɗe ta ga hankalin ɗalibi idan ya bar aji ya tafi wani wuri malami na tsakiyar bayani. Sai "stray", wadda ake faɗa wa dabbar da ta rabu da garke ko yaron da ya ɓace wa iyayensa a kasuwa. A nan akwai inda ya kamata a ce yana, ya kauce. Sai "loiter", wadda kusan kishiyar tamu ce, domin mai yin ta ba tafiya yake yi ba, ya lafe ne a wuri guda ba da wani dalili ba, kamar masu tsayuwa a bakin tasha ko ƙofar ofis. Sai "gallivant", wadda shugabannin makarantu suke ƙauna ƙwarai, ma'anarta yawon neman nishaɗi alhali ga aiki na jira. Ta ƙarshe ita ce "ramble", watau tattaki cikin karkara don jin daɗi, kuma akan faɗe ta ga mai jawabin da ya saki hanya yana ta zuba ba kai ba gindi. Ina fata kada Shugaban taro ya sami dalilin faɗa mini ita yau.

Ga ƙannenmu masu shirin jarrabawa, ga abin da ya kamata ku riƙe. Kalmar aikatau ce mai bin ƙa'ida, idan abin ya wuce sai a ce "roamed". Ana iya haɗa ta da wuri kai tsaye, a ce "the goats roam the village", kuma ana iya cewa "roam about" ko "roam around", duka daidai ne. Abin da ba ya zama da kyau shi ne a haɗa ta da takamaiman zango. Wanda aka aika kasuwa ya tafi kasuwa, ba a faɗa masa wannan kalma, domin ya san inda za shi. Mu da muka yi kwana a makarantar nan mun san ta tun kafin mu buɗe ƙamus, saboda duk wanda aka kama tsakanin azuzuwa lokacin karatun dare, laifin da ake rubuta masa ke nan kafin a miƙa masa lauje da safe.

Asalinta

Kalmar ta fara bayyana a rubuce cikin Turanci wajen shekara ta 1300, da siffar "romen". Akwai wani bayani mai daɗin ji da ya daɗe yana yawo, wai ta samo asali ne daga sunan birnin Rum, saboda masu ziyarar ibada da ke takawa daga Ingila zuwa can suna ratsa ƙasashe. Abin da ya ƙarfafa wannan zato shi ne, a Turancin yau lafazin kalmar da na sunan birnin iri ɗaya ne, kuma a harsunan Sifen da Italiya akwai kalmomin mai ziyara da aka ciro daga sunan Rum. Amma masana tarihin kalmomi ba su karɓi wannan bayani ba, domin babu wata shaida a tsofaffin rubuce-rubuce da ta haɗa su. Na kawo wannan ne domin ya zama gargaɗi a gare mu: kamannin lafazi bai isa hujja ba, kamar yadda kama da wane ba ta wane.

'Yancin yawo a Ingila

Yanzu bari mu dubi fuskarta ta farko, ta 'yanci. A Ingila akwai abin da suke kira "right to roam", watau haƙƙin talaka ya taka cikin duwatsu da filayen karkara ko da mallakar wani ne. Wannan haƙƙi ba a sama ya faɗo ba. A farkon ƙarni na 20 ma'aikatan masana'antu na biranen Mancesta da Shefil suna aiki kwana shida cikin hayaƙi, ranar hutu kuma suna so su fita su sha iska a tsaunukan da ke tsakanin biranen biyu. Amma yawancin tsaunukan nan masu ƙasa sun killace su domin harbin tsuntsaye na 'yan kwanaki a shekara, sun kuma zuba masu gadi.

Ranar 24 ga Afrilu, 1932, mutane wajen 400 suka haɗu suka hau wani tsauni mai suna Kinder Scout da gangan, ƙarƙashin jagorancin wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Benny Rothman. Aka yi 'yar hatsaniya da masu gadi, aka kama wasu, aka ɗaure mutum 5 daga wata 2 zuwa wata 6. Tsananin hukuncin nan ya jawo musu tausayin jama'a. A 1949 majalisa ta yi dokar kafa gandayen shaƙatawa na ƙasa, a 1951 kuma yankin da tsaunin yake ya zama na farko a cikinsu. Duk da haka sai a shekara ta 2000 aka yi dokar da ta tabbatar da haƙƙin takawa a tsaunuka da filayen da ba a nomawa, wanda a Ingila bai wuce kimanin kashi 8 cikin 100 na ƙasar ba. Sikotland ta yi tata dokar a 2003, wadda ta fi wannan faɗi nesa ba kusa ba.

Abin lura a nan shi ne, haƙƙin yana tafe da sharuɗɗa. Ba a shiga gonar da aka shuka, ba a shiga harabar gidan mutum, ba a ɓarna, kuma mai kare dole ya riƙe shi da igiya idan ya zo kusa da dabbobi. Daga hawan tsaunin zuwa dokar 2000 shekara 68 ke nan, kuma Rothman ya rayu har ya ga an yi ta.

Lokacin da yawo ya zama laifi

Fuska ta biyu ita ce wadda ta fi shafar mu. Ƙasar nan da ta yi gwagwarmayar 'yancin yawo, ita ce kuma ta yi dokar hukunta masu yawo. Bayan an gama yaƙe-yaƙen Napoleon a 1815, sojoji da yawa da aka sallama suka rasa aiki da matsuguni, suka cika titunan birane. Maimakon a nema musu abin yi, sai a 1824 aka yi dokar da ta mai da bara da kwana a waje laifi. Watau mai hali idan ya fita ya zaga, shan iska yake yi, marar hali kuwa idan ya yi irin wannan tafiyar sai a kai shi gaban alƙali.

Turawan mulkin mallaka sun zo mana da irin wannan tunani, suka sa shi cikin dokokin laifuffuka na ƙasashen da suka mulka, har da Nijeriya. Daga nan ne aka sami abin da iyayenmu suka sani da laifin "wandering", inda ake iya tsare mutum da dare don kawai bai ba da gamsasshen bayanin inda za shi ba. Wanda abin ya fi faɗa wa kuwa shi ne lebura, da ɗan ci-rani, da baƙon da ya sauka a tasha bai san gari ba. A 1989, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka yi dokar soja kan ƙananan laifuffuka wadda ta soke wannan laifi, ta hana a tuhumi kowa da shi ko da wane suna aka kira shi. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a cikin Nijeriya. Haka kuma a watan Disamba na 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya ta ba da ra'ayin cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, domin talauci suke hukuntawa.

Duk da haka har yau akan ji an kwashe matasa da sunan wannan laifi da aka soke fiye da shekara 30 da suka wuce. Yawancinsu ba su san an soke shi ba, iyayensu ma haka. Mu da muka yi karatu, cikinmu akwai lauyoyi da jami'an tsaro da 'yan jarida, wajibinmu ne mu sanar da na ƙasa da mu.

A cikin wayarmu

Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001 kalmar ta sami sabon gida. Idan ka ƙetare iyaka, alal misali daga Jibiya zuwa Maraɗi ko daga Illela zuwa Ƙonni, layinka zai rabu da turakun kamfaninsa ya kama na wani kamfani a can. Wannan shi ake kira "roaming". Kamfanin da ya karɓi baƙuncinka zai caji naka kamfanin, shi kuma ya ɗora maka, shi ya sa kuɗin kira da na intanet kan yi tsada. Mazauna bakin iyaka sun san cewa wani lokaci waya kan kama turken maƙwabta alhali mutum na zaune a ƙofar gidansa. Shawarata ga mai tafiya ita ce ya kashe wannan sashe a wayarsa kafin ya ƙetare, in kuma zai daɗe ya sayi layin ƙasar da ya je. Ƙasashen Tarayyar Turai sun soke wannan ƙarin kuɗi a tsakaninsu tun watan Yuni na 2017, abin da ke nuna cewa tsadar ba dole ba ce, magana ce ta yarjejeniya.

Wa ake faɗa wa ita?

Na zo kan abin da ya fi damuna. A jaridunmu na Turanci, idan ka ga wannan kalma, sau da yawa ɗayan uku ake nufi: shanun makiyaya, ko almajirai, ko matasan da suka gama karatu ba su sami aiki ba. Mu koma ga ma'anar da muka fara da ita mu auna.

Makiyayin da ya tashi daga arewa da rani ya nufi kudu, ya san burtalin da zai bi, ya san mashaya, ya san watan da zai juyo. Tafiyarsa tana da zango, saboda haka kalmar ba ta yi daidai da shi ba. Wannan bai rage komai daga haƙƙin manomin da aka cinye wa gona ba, kukansa gaskiya ne kuma dole a share masa hawaye. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, Jihar Binuwai kuma ta yi dokar hana kiwon sake a 2017, kowace da irin maganin da ta ga ya dace. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya ɗauka tafiyar ba ta da tsari ba zai tsaya tambayar inda burtalin ya shiga ba, balle ya gano wanda ya toshe shi.

Haka matashin da ke fita kullum da takardunsa cikin ambulan, daga wannan ma'aikata zuwa waccan. Mai kallonsa daga cikin mota yawo yake gani, shi kuwa ya san ƙofofin da ya ƙwanƙwasa da waɗanda suka rage. A wurin aiki na sha ganin yadda kalma guda cikin rahoto take juya shawarar da za a yanke. Idan aka rubuta cewa matasa na gararamba a wani wuri, shawarar da ke biyo baya ita ce a kore su. Idan aka rubuta cewa suna taruwa ne suna jiran mai ɗaukar lebura, sai a fara maganar rumfa da rajista da koyar da sana'a. Mutanen ba su canja ba, alƙalamin mai rahoto ne ya bambanta. Da yawa daga cikinmu yanzu mu ne ke riƙe da wannan alƙalami, saboda haka kafin mu rubuta cewa wani na yawo, mu tambaye shi inda za shi.

Ba ina cewa babu gantali ba ne. Akwai shi, kuma duk unguwa an san masu yin sa. Amma yawo mai amfani ma akwai shi, Hausawa kuwa ba baƙinsa ba ne. Fatake sun taka daga Kano har Gwanja neman goro, almajiran ilmi sun bi malamai gari gari, kuma kakanninmu suka ce tafiya mabuɗin ilmi. Marigayi Abubakar Imam ma da ya je Ingila a 1943, wannan karin magana ya sa wa littafin da ya rubuta kan tafiyar.

Kammalawa

Ya Shugaban taro, ina da shawarwari uku ga wannan ƙungiya. Na ɗaya, a tattara sunayen membobi da wuraren aikinsu, domin duk ɗan makarantar nan da ya gama bautar ƙasa ya san ƙofar da zai nufa neman shawara, a rage masa tafiyar da ba ta da amfani. Na biyu, lauyoyinmu su keɓe rana guda a shekara su zo su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin haƙƙinsu da iyakarsa, har da abin da za su yi idan aka tsare su a hanya. Na uku, mu ɗauki nauyin fita da ɗalibai yawon buɗe ido ko da sau ɗaya ne a shekara, su ga dam, su ga masana'anta, su ga gidan tarihi, domin gani ya kori ji, kuma yaron da aka saba fita da shi ta ƙofa ba ya bukatar tsallake katanga.

Ina ƙara godiya ga malamanmu, waɗanda suka tsare mu a aji lokacin da ƙafafunmu ke ƙaiƙayin fita. Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.